Darasin da Na Koya a Hanyar Jega Zuwa Maiyama

(Jawabin da ɗaya daga cikinmu, mai sana'ar gyaran wayar mota a Jega, ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)



Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai. Ranar da sakatare ya same ni a gareji ya ce bana ni zan yi jawabi, sai na ce masa ya sake duba takardarsa. A cikinmu akwai likita, akwai lauya, akwai malaman jami'a, ni kuwa rewaya ne, filaya da testa su ne alƙalamina. Ya ce ai shi ya sa, domin kowa a nan ko yana da mota ko yana shiga ta haya. To, tun da haka ne, zan yi magana a kan ɗan ƙaramin aiki guda, wato ɗaura wa mota ƙarin geji mai fitila, da kuma abin da ya taɓa samu na a kansa.

Na fara koyon wannan sana'a a 1991, shekarar da aka cire Jihar Kebbi daga cikin Jihar Sakkwato. A lokacin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ita ce sarauniyar tashoshinmu. Daga baya motocin Kwatano suka cika gari. Dukkansu in sun kwana biyu, gejin da aka ƙero su da shi yakan mutu, direba ya riƙa tafiya bai san halin da injinsa ke ciki ba. Wannan ne ke sa mai hankali ya sayo sabon geji a ɗaura masa.

Guda uku aka fi sa wa. Akwai na zafin ruwa, wanda ke yi maka gargaɗi kafin lagireto ya tafasa gaskit ya ƙone. Lafiyayyen inji yakan tsaya tsakanin digiri 80 da 95. Akwai na ƙarfin bugun baƙin mai, wanda in allurarsa ta faɗi kana cikin gudu, tsayawa ta zama dole. Sai na caji: batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 in inji na kashe, in an tayar kuwa ya hau wajen 14. In bai hau ba, altaneta ba ta caji. Kowane ɗayansu yana da ɗan ƙwan fitila a ciki don a iya karanta shi da dare. A kan wannan ɗan ƙwai labarina yake.

Wata shekara da hunturu, ban daɗe da buɗe garejina ba, wani dattijon direba mai jigila tsakanin Jega da Yawuri ya kawo mini 504 doguwa da geji uku a leda. Ya ce, "Ɗana, ka yi mini sauri, an kusa kiran layina." Ni kuma ina ɗokin kuɗin aiki. Na nemo wayar fitilar dashbod, na fere ta da reza, na murɗa tawa a kai da hannu, na naɗe da tef. Na zura wayar ta wata huda a jikin ƙarfe ba tare da na sa mata roba ba. Muka kunna, fitilu suka kama, ya biya ni, ya sa mini albarka.

Bayan kamar mako uku, yana tafe da fasinja da dare, ya wuce Jega ya doshi Maiyama, sai dashbod ya yi duhu. Fitilun gaba suna nan garau, saboda haka bai damu ba. Abin da bai sani ba, ni ma ban taɓa gaya masa ba, shi ne a motarsa, kamar a motoci masu yawa, fitilar dashbod da jajayen fitilun baya fiyus ɗaya suke sha. Girgizar hanya ta sa bakin ƙarfen nan ya ci robar wayata, tagulla ta taɓa jikin mota, fiyus ya ƙone, bayan mota ya mutu ɗungum. Ga hazo ya sauko, yana tafiya sannu-sannu. Wata babbar mota da ta ɗauko albasa daga Aliero za ta Kudu tana biye da shi, direbanta bai gan shi ba sai da ya zo dab. Ya taka birki iyakar ƙarfinsa, amma duk da haka ya daki bayan motar. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, sai dai wani saurayi da ke kujerar baya ya karye a ƙafa, aka kai shi wurin masu ɗori a Aliero.

Da aka jawo motar na buɗe dashbod, da idona na ga wayata ta yi baƙi. Dattijon nan bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ni na ce ka yi sauri, amma kai ne ka san aikin." Na je na duba saurayin har sau uku, kuma har yau in na ɗauki reza sai na tuna da shi.

A daren nan na tuna da malaminmu na Fiziks, da dokar nan ta Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827, wadda muka haddace don cin jarrabawa kurum. Na zauna na yi lissafi. Ƙwai uku masu wat 2 kowane, wat 6 ke nan, a raba da bolt 12, rabin amfiya. Fiyus mai amfiya 10 ba zai ko ji wannan nauyi ba. Ashe kayan ba su da laifi, hannuna ne ya yi ɓarnar. Wuta takan bi hanyar da ta fi sauƙi, ni kuwa na buɗe mata ita.

Ga yadda ya kamata a yi, don in an zo yi muku ku tsaya ku duba. Da farko a cire kan batir na nagatif. Gejin lantarki yana bukatar waya huɗu. Ta farko ta wutar aiki, a ɗauko ta daga layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, a kuma sa mata nata ƙaramin fiyus. In aka ɗauko kai tsaye daga batir, zai riƙa zuƙe shi ko mota na ajiye. Ta biyu a ɗaure ta tam da noti a wankakken ƙarfen jikin mota. Ta uku ita ke zuwa wurin ma'aunin da ke jikin inji. Ta huɗu ita ce ta fitila, a nemo ta da testa: wayar da ke kawo wuta in an kunna ƙananan fitilu, ta ɗauke in an kashe. A motocin Jamus irin su Golf da Marsandi ma an sauƙaƙa, lambobi ne a rubuce: 30 wutar batir, 15 wutar makulli, 31 jikin mota, 58 ƙananan fitilu. Kowane haɗi a yi shi da dalma ko a matse shi da maƙalli, kowace huda ta ƙarfe a sa mata roba.

Akwai tarko biyu. A wasu motocin Japan, maɓallin rage hasken dashbod yana kan wayar komawa ne, saboda haka wanda ya haɗa wannan waya da jikin mota zai iya lalata maɓallin. Sabbin motoci kuma kwamfuta ce ke sarrafa fitilunsu, fere waya da ka yana iya jawo asarar da ta ninka kuɗin gejin sau da yawa. A nan sai an duba zanen wayoyin motar tukuna. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ku kuma masu mota, abu biyu nake roƙon ku. In dashbod ya yi duhu da dare, ku sauka gefen hanya ku zagaya ku duba bayan motarku kafin ku ƙara taku ɗaya. Kana in fiyus ya ƙone, kada ku yarda a cusa muku zaren waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa. Fiyus mai gadi ne, ya mutu ne don kada mota ta kama da wuta. A nemo abin da ya kashe shi, a mayar da irinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20.

Daga ƙarshe, ya shugaba, ina da shawara. Yaran da ke zuwa mana koyon aiki daga Jega da Aliero da Maiyama suna da kaifin hannu, amma da yawansu ba su iya raba wat da bolt ba. Ɗaliban makarantarmu kuma sun iya lissafin a takarda, ba su taɓa riƙe testa ba. Ina roƙon ƙungiya ta saya wa ɗakin gwaje-gwaje 'yan mitoci da batir da ƙwayayen fitila. Ni kuma na yi alkawarin ba da Asabar ɗaya a kowane wata in zo in koyar kyauta, in hukumar makaranta ta amince.

Malamanmu da ke raye, Allah ya saka muku da alheri, ku yafe mana ƙiriniyar da muka yi muku. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, kuma duk wanda zai yi tafiyar dare yau, ya duba fitilar bayansa kafin ya tashi.