Tsiro Mai Cin Ƙwari: Na Nemo Daga Nesa, Ashe Akwai a Fadamarmu

Ga shirin wannan makon a rubuce, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Bara na yi wata wauta. Na ga bidiyon wani tsiro da ake kira Nepenthes, ganyensa na rataye kamar ƙaramin tulu, bakin tulun da zaƙi da santsi. Ƙwaro na sauka sai ya zame ciki, ruwan da ke ƙasa ya narkar da shi. Na ce wallahi sai na mallake shi. Na tura kuɗi wa wani mai sayar da furanni, aka kawo min har gida Kurgu.

Na zuba masa takin shanu, na riƙa ba shi ruwan rijiya safe da yamma. Hunturu na shigowa, tulunan suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Inna ta dube ni ta ce, “Kai da digirinka, ciyawa ta gagare ka?”

Sai daga baya na fahimci ni na kashe shi. Irin waɗannan tsirrai a ƙasa marar taki suke fitowa, shi ya sa suke farautar ƙwari su cike giɓin. Taki ƙona saiwarsu yake, gishirin ruwan rijiya ma haka. Ruwan sama suke so. Kuma kowanne da yanayinsa. Na gangaren dazukan Borneo zafi da laima yake buƙata. Nepenthes rajah na dutsen Kinabalu, wanda tulunsa kan ɗauki ruwa fiye da lita 2, sai da sanyin dare. Sarracenia na Amurka kuwa sai ya yi barcin sanyi duk shekara. To ina waɗannan, ina zafin Afrilu na Kebbi da ke haura digiri 40? Nepenthes ma ba ya fitowa a doron Afirka, sai tsibiran Madagaska da Seshel.

Amma ga inda zancen yake. Mu ma muna da namu. Bayan damina, a kududdufan fadamar kogin Kwara, tsakanin bado da kainuwa, akwai wata ciyawa mai ɗan fure rawaya, ba ta da saiwa, tana yawo a ruwa. Masana na kiranta Utricularia. Ka ɗago ta ka duba da kyau, za ka ga ƙananan jakunkuna kamar ƙwayar gero. Ɗan ƙwaron ruwa na taɓa bakin jakar, sai ta zuƙe shi kafin ƙiftawar ido, har da 'ya'yan sauro ƙanana. Charles Darwin ya yi bayanin danginta a littafinsa na 1875. Ni kuwa tun ina yaro nake taka ta.

Abin da ke damuna, mun saba wanke tankin feshin maganin ciyawa a kududdufan nan idan mun taso daga gonar shinkafa. Ni ma na yi. Ruwan nan shi shanu ke sha, a nan yara ke su.

Don haka roƙona: ka wanke tankinka nesa da ruwa. In ka je fadama, daga Illo har Lolo, ka ɗauki hoton furen nan ka turo, ka kuma tambayi dattawa sunan da suke kiranta da Hausa, Dandanci ko Fulatanci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.