Ciki Tun Bai Fito Ba Ake Kiwonsa

Wannan shi ne jawabin da wata unguwarzomar asibiti, 'yar asalin Sorau ta ƙasar Maiha, kudu da Mubi cikin Jihar Adamawa, ta yi wa mutanen yankinsu mazauna Agege a Ikko. Mun buga shi saboda amfanin 'yan'uwa masu neman abinci a Kurmi.

Iyayena malamai da dattawa, yayyena da ƙannena maza da mata, ina neman gafararku tun da fari, domin maganar da aka ɗora mini ba irin wadda ake yi a gaban manya ba ce. Mu mutanen Sorau an san mu da kunya, abin da Fulani ke kira semteende, kuma ba na fatan ganin ranar da za mu rabu da ita. Amma akwai wurin da kunya ke cin rai, a nan kuwa zan tsaya yau.

Yawancinku iyalinku suna gida. Wani motar shanu ya biyo daga kasuwar Mubi ya zauna, wani gadi yake yi, wani yana sayar da kayan gwari. Sai da Salla ko da damina mutum ya leƙa gida, ya yi mako biyu ko uku, ya juyo. In Allah ya kawo rabo, labarin ba ya iso shi sai ciki ya yi wata huɗu ko biyar, sa'ad da zane ya kasa rufe shi. Ita ma matar sai a lokacin take tunanin zuwa awo. Ba mu kaɗai ke haka ba. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasar nan cikin 2018 ya nuna kashi 18 cikin ɗari ne kawai na masu ciki suka fara zuwa awo cikin wata ukun farko. Alhali kuwa cikin waɗannan watanni ukun ne ake ƙera ɗan Adam. Sauran watanni shida yawancinsu girma ne da ƙwari.

Ga yadda abin yake. Ƙwan mace yana haɗuwa da maniyyin namiji a cikin wani siririn bututu da ke tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa. Tun daga wannan sa'a an gama yanke ko namiji ne ko mace, kuma daga maniyyin uba abin yake fitowa, saboda haka mai fushi da matarsa don tana haifar 'ya'ya mata, ya yi wa kansa adalci. Ƙwan yakan gangara cikin kwana uku ko huɗu ya shiga mahaifa, wajen mako guda kuma ya liƙe a jikinta. A ranar da mace ta lura watanta ya ɓata, abin da ke cikinta bai kai ƙwayar gero ba. Bayan mako guda, watau wajen kwana 22 da shigar ciki, zuciya ta fara bugawa. Kafin kwana 28 su cika, kwararon da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya ya naɗe ya rufe. Ku duba fa, wannan duk ya auku ne mai gida bai fi mako biyu ko uku da komowa Ikko ba, ita kuwa tana nan tana waswasi ko jinkiri ne kawai al'ada ta yi.

A mako na 8 bisa lissafin asibiti ɗan tayi ya kai kamar ƙwayar gyaɗa, hannuwa da ƙafafu sun tsiro, an fara tsaga yatsu, zuciyarsa tana bugawa kamar ninki biyu na ta uwarsa. A mako na 12 tsawonsa ya kai inci biyu da 'yan kai, nauyinsa bai cika giram 20 ba, amma yana da fuska, yana da ƙoda mai yin fitsari, yana motsi, ko da yake uwar ba za ta ji motsin ba sai wajen mako na 16 zuwa na 20. A wannan lokaci ne mahaifa take fara leƙowa bisa ƙashin mara, har hannun unguwarzoma ya iya taɓa ta.

Na ce bisa lissafin asibiti, kuma ina roƙon maza su buɗe kunne a nan, domin wannan lissafi ya sha jawo zargi a gidajen matafiya. Mu a asibiti ba daga ranar da ciki ya shiga muke ƙirgawa ba, tun da ba mai iya sanin ranar. Daga ranar farko ta hailar ƙarshe muke farawa, ciki kuwa yakan shiga ne wajen mako biyu bayan wannan rana. Saboda haka kullum lissafinmu ya fi ainihin kwanakin ciki da kamar mako biyu, kuma na'urar hoton ciki ma da wannan lissafi take aiki. To, mutum ya je gida mako shida da suka wuce, sai a aiko masa da takarda an rubuta ciki mako 8. Ya zauna ya ƙirga da yatsu, ya ga bai yi daidai ba, Shaiɗan ya sami ƙofa. Lissafin daidai yake, nasa ne. Duk wanda takardar asibiti ta rikita shi, ya kai wa ma'aikacin lafiya ya fassara masa kafin ya furta kalmar da ba ta komawa baki. Jimlar kwanakin ciki a wannan lissafi 280 ne, watau mako 40, ko wata tara da rabi na watannin Musulunci. Abin da ake bukata ga mace shi ne ta riƙe ranar da hailarta ta ƙarshe ta fara, ko da da ranar kasuwa za ta auna ta.

Tun da gaɓoɓi a makonnin nan ake shirya su, a nan ne kuma magani ya fi yin ɓarna. Duniya ta koyi wannan da tsada. A 1957 wani kamfani a Jamus ta Yamma ya fitar da maganin barci mai suna talidomaid, aka riƙa ba masu ciki don laulayi. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, shekarar da ƙasar Mubi ta shigo Nijeriya bayan ƙuri'ar raba gardama, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama da dungulmin hannuwa da ƙafafu ko wata nakasa. Da aka bincika sai aka tarar ɓarnar tana aukuwa ne tsakanin kwana 20 zuwa 36 da shigar ciki, daidai lokacin da matanmu ba su gaya wa kowa ba. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsarabar magani. Mutum ya sayi ƙwayoyi a cikin mota ko a bakin tasha, na ciwon jiki, na ƙarin ƙarfi, na wankin ciki, ya aika gida da kyakkyawar niyya. Haka kuma jiƙe-jiƙe da saiwoyi, waɗanda ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikinsu. Matar da watanta ya ɓata kada ta sha kome sai ta gaya wa mai ba ta maganin cewa tana zaton ciki. Wadda kuma take kan maganin farfaɗiya, ko na hawan jini, ko na ciwon sukari, kada ta daina da kanta, ta je a duba ko za a sauya mata, zai fi kyau ma tun kafin ciki ya shiga.

Akwai ƙwaya guda da ake so ta sha, ita ce folik asid, 'yar ƙaramar nan rawaya da ake bayarwa wurin awo. Kun san jaririn da ake haifa da ƙari a gadon baya, ƙafafu a shanye, ko wanda ƙoƙon kansa bai rufe ba. Kwararon nan ne da na faɗa bai rufe ba cikin kwana 28. A 1991, shekarar da aka raba Gwangola aka kafa Jihar Adamawa, likitocin Ingila suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka jagoranta a kan matan da suka taɓa ɗaukar cikin irin wannan ɗa, suka tarar folik asid ya rage maimaituwar abin da kusan kashi 70 cikin ɗari. Sai dai wannan amfani ba ya samuwa in an fara a wata na biyar, ƙofa ta riga ta rufe. Mai neman haihuwa tun kafin ciki ya kamata ta fara, maikirogiram 400 kowace rana. Wanda zai tafi gida hutu, wannan ita ce tsarabar maganin da na yarda da ita, kuɗinta kuwa bai kai na turmin atamfa ba ko kusa. Wake da gyaɗa da zogale da alayyafo da rama duk suna ɗauke da wannan sinadari, amma su kaɗai ba su cika isa ba.

Yanzu ga uwar. Da zarar ƙwai ya liƙe, jikinta ya fara fitar da wani sinadari wanda shi ake gani a gwajin fitsari, kuma ana danganta laulayi da yawansa. Mace bakwai ko takwas cikin goma suna yin tashin zuciya, yakan fara wajen mako na 6, ya tsananta wajen na 9, ya lafa tsakanin na 12 da na 16. Nono ya cika ya yi tsami, bakinsa ya ƙara duhu, fitsari ya yawaita, yawu ya taru, ƙanshin miyar da take so jiya ya zama mata wari. Jijiyoyin jini suna saki, shi ya sa jiri ke ɗibarta in ta miƙe da sauri, hanji ma ya yi sanyin aiki, bayan gida ya yi tauri. Jininta kuma ya fara ƙaruwa, har kafin haihuwa ya ƙaru da kusan rabi, amma ruwansa ya fi ƙwayoyinsa ƙaruwa, don haka wadda ta shiga ciki da ƙarancin jini sai abin ya daɗu. Wannan kasala da barci da ake cewa lalaci ne ko shagwaɓar amarya, wallahi aiki ne jiki ke yi. Iyayenmu surukai, a yi musu uzuri. Ta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ta ɗan tauna busasshen abu kafin ta sauko daga gado. Amma wadda ko ruwa ba ya zama a cikinta yini guda cur, fitsarinta ya yi kaɗan ya yi ja, wannan ta wuce laulayi, sai asibiti a yi mata ƙarin ruwa.

Zazzaɓin cizon sauro ya fi kama mai ciki, musamman mai cikin fari, yana shan jini, yana kuma zubar da ciki. Fansidar da ake bayarwa na rigakafi ba a fara shi sai an shiga mako na 13, saboda haka a wata ukun farko gidan sauro ne garkuwarta. In zazzaɓi ya zo a gwada jini a yi magani a ranar. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ƙaramin ciki ɗaya daga cikin magungunan zazzaɓi na zamani, amma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, ba mai talla ba.

Ɓari yana da yawa fiye da yadda ake zato. Cikin kowane ciki goma da aka sani, ɗaya ko biyu sukan zube, galibi kafin mako na 12, kuma kusan rabinsu tun wurin haɗuwar ƙwai aka sami tangarɗa. Ba daka ba ne, ba ɗiban ruwa ba ne, ba kishiya ba ce. Amma duk jinin da ya fito ga mai ciki a je a duba, domin ragowar da ta saura a mahaifa tana jawo zubar jini da ruɓa. Haka nan abin da muke kira kwantaccen ciki. Hukuncinsa a shari'a na bar wa malamai, su ne masu shi. Abin da muke gani a hoto dai, sau da yawa ɗan tayi ne ya daina rayuwa bai fito ba, ko kuwa wata cuta ce dabam ta tsayar da haila. Ko wanne ne, ba a zauna da shi ana jira ya tashi.

Wanda ya fi kisa da gaggawa shi ne ciki a wajen mahaifa. Ɗaya ko biyu cikin ɗari, ƙwan yakan maƙale a cikin bututu ya yi ta girma a can, har bututun ya fashe, yawanci cikin wata na biyu ko na uku. Jinin a cikin ciki yake zuba, ba a ganinsa a zane sai ɗan ɗigo. Alamarsa ciwon mara mai tsanani a gefe guda, wani lokaci da ciwo a kan kafaɗa, sai jiri, da gumi mai sanyi, da suma. Wannan ba aikin ɗakin shan magani ba ne, tiyata ce da ƙarin jini, sai babban asibiti irin na Mubi. Kun kuwa san hanyarmu da damina. Ga mace ta faɗi, ba wanda ya san tana da ciki, ana ta shafa mata man zafi, ana jiran a sami mai gida a waya ya ba da izini.

Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin mako na 12 ya wuce. A zuwan farkon nan ne ake auna yawan jini da rukuninsa, da hawan jini, da fitsari, a gwada ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, waɗanda in an gano su da wuri ana iya tsare jariri daga gare su. Ba sai an yi shela ba. Ma'aikacin lafiya amana ce a wuyansa, mace tana iya zuwa ta dawo ko maƙwabciya ba ta sani ba.

Abin da nake roƙonku, yayyena, shi ne bayan kun komo da wata guda, ku buga waya ku tambaya da kanku, domin ita ba za ta fara faɗa ba. Kafin ku baro gida ku bar izini a fili, a gaban mahaifiya ko wa, cewa in ciwo ya tashi a tafi asibiti ko da tsakar dare, ba sai an neme ku ba. Ku ware kuɗin awo da na mota dabam da na cefane, a hannun matar, ku kuma shirya da mai mota guda a gari wanda za a iya tasa kowane lokaci, da 'yan'uwa biyu da suka yarda za su ba da jini in an nema. Matan da ke tare da mu a nan Agege kuwa, asibitin awo yana kusa da ku, wadda ba ta jin Yarbanci ko Turanci ta nemi 'yar rakiya, kada harshe ya hana ta.

Mata masu tambayar da ba ta yiwuwa a bainar jama'a, ina nan a baya bayan an tashi.