Gayyar Kwamfutoci da Batun Sabuwar Ƙwaƙwalwa

 

Ba ni zan koya muku gayya ba, ku mutanen Beri. Idan gona ta fi ƙarfin mai ita, sai a yi shela, kowa ya saɓo fartanyarsa. To masana ma suna kiran gayya, sai dai su kwamfutoci suke gayyata. Sukan yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa, su raba wa 'yan sa kai ta intanet, kwamfutar kowa ta yi nata a lokacin da take zaune banza, ta mayar da amsa. Haka SETI@home ta fara a Berkeley ta Amurka a 1999, manhajar BOINC ta biyo baya a 2002. Wadda ta fi shafarmu ita ce malariacontrol.net ta 2006, da ta riƙa lissafa yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro da hanyoyin daƙile shi.

Yau kan fartanyar zan tsaya, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Aikin gayya maimaici ne, lissafi iri ɗaya a kan miliyoyin lambobi. Tsohon tsarin SSE lamba 4 yake ɗauka a umarni guda. Da Intel ta fito da AVX a 2011 suka zama 8, AVX-512 kuma 16. A 2013 ta ƙara dabarar ninkawa da tarawa a bugu ɗaya. Ku ɗauka mai shuka ne da ke rufe kunya takwas a tafiya guda, maƙwabcinsa na fama da huɗu.

Amma akwai sharaɗi. Sai an rubuta manhajar yadda za ta san da sababbin umarnin. In ba haka ba, ka sayi tarakta ne ka ɗaura wa shanu su ja.

Ni abin da ya fi burge ni ma ba saurin ba ne. Muna jihar da ke da madatsun wutar lantarki na Kainji da Shiroro, amma kowa a ɗakin nan ya san kuɗin man janareta. Sabuwar ƙwaƙwalwa takan gama aiki mai yawa da wuta kaɗan, wannan kuwa shi ne lissafin mai sola. Na taɓa ɗora wa wata tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo wannan aiki a zafin watan Afrilu. Fankarta, wadda ƙurar hunturu ta riga ta toshe, ta yi ta kuka kamar injin niƙa, teburin ya ɗau zafi, ita da kanta ta rage gudu don kada ta ƙone. Batir ya mutu, rabonta na aikin bai kai rabi ba.

Saboda haka ɗalibin da ke son shiga gayyar nan, kada ya tashi da tsohuwar da ke cin wuta kamar gara. Ya fara da wayar da ke aljihunsa. BOINC tana da manhajar Android, kuma a yadda aka saita ta, ba ta taɓa aiki sai wayar tana kan caji.