IDAN ANNOBA TA RUFE MAKARANTA: DARASI DAGA UNGUWANNIN HAUSAWA NA IKKO



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a waiwayi abin da ya auku a shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan farat ɗaya, a kuma duba irin faman da iyaye da malamai suka yi a unguwannin Hausawa na Ikko, musamman Agege, domin jama'a a ko'ina su ɗauki darasi. Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

YADDA ABIN YA AUKU

Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, wani Ba'italiye ne da ya sauka a Ikko. Ran 11 ga Maris, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta zama annobar da ta game duniya. Ran 19 ga watan, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da umurnin rufe makarantu a faɗin ƙasa. A Jihar Legas an rufe su daga Litinin, 23 ga Maris. Bayan mako guda kuwa, watau daren 30 ga Maris, dokar hana fita da Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa a Legas da Ogun da Abuja ta soma aiki, ba a sassauta ta ba sai 4 ga Mayu.

Jarrabawar WAEC, wadda aka shirya somawa cikin Afrilu, sai 17 ga Agusta aka fara ta. Sauran 'yan firamare da sakandare na Legas ba su fara komawa aji ba sai 21 ga Satumba. Ke nan wata shida cur yaro bai ga allon makaranta ba. Ba Nijeriya kaɗai abin ya shafa ba, gama Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa ɗalibai kimanin biliyan 1.6 a ƙasashe fiye da 190 ne suka zauna a gida.

HALIN DA AGEGE TA SHIGA

Agege tsohon zangon Hausawa ne a bakin hanyar jirgin ƙasa, inda cinikin goro da na dabbobi ya tara su tun zamanin kakanni. Galibin magidanta a can, da na Idi-Araba da Mile 12, sai sun fita suke samun na cefane: mahauta, da 'yan tireda, da masu shayi, da 'yan dako, da 'yan acaba. Da aka ce kowa ya zauna a gida, sai wahala biyu ta haɗu, ga yara ba makaranta, ga uba ba kasuwa. Daɗin daɗawa, azumin Ramadan na shekarar ya kama cikin wannan hali.

Iyali da dama suna zaune ne a gidajen haya masu ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya. Ba wurin da yaro zai keɓe ya yi nazari. Hana taro kuma ya shafi makarantun allo da na Islamiyya, waɗanda a da su ke riƙe yara da yamma da ƙarshen mako. Yaron da yake da malamai biyu, na boko da na Muhammadiyya, ya wayi gari ba ko ɗaya.

Gwamnatin Jihar Legas ta shirya darussa ta rediyo da talabijin, wasu makarantu kuma suka riƙa aika aiki ta WhatsApp. Wannan dabara ta taimaka, amma ba ta isa kowa ba. Gidan da wayarsa ɗaya ce, tana kuma aljihun maigida, wutar lantarki ba tabbas, kuɗin kati ba ya samuwa, to, darasin waya bai zama nasa ba. Har ila yau, yawancin darussan da Turanci ake ba da su, uwar da ba ta yi boko ba kuwa ba ta da yadda za ta gane ko ɗanta yana fahimta.

Malamai su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Ƙananan makarantu masu zaman kansu da kuɗin makaranta suke biyan albashi. Da kuɗin ya tsaya, sai albashi ya tsaya. Malamai da yawa suka koma ƙananan sana'o'i, wasu kuwa ba su sake komawa aji ba.

INDA HATSARIN YAKE

Mantuwar karatu ciwo ne mai magani, gama malami yana iya maimaita darasi. Babban hatsarin shi ne yankewar igiyar da ta ɗaure yaro da makaranta. Yaron da ya ɗanɗani kuɗin dako ko jiran shago, da wuya ya so komawa kan benci. Yarinyar da aka ɗora wa farantin talla don a samu na miya, sau da yawa ba a sauke mata shi ranar da aka buɗe makaranta, wata ma sai a ji an sa ranar aurenta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka, abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, rufe makaranta ba rufe karatu ba ne.

ABIN DA YA WAJABA A KAN IYAYE

Na ɗaya, a tsai da wa yaro lokacin karatu a kullum, ko da sa'a guda ce bayan sallar Asuba da karin kumallo, a kuma kiyaye shi kamar yadda ake kiyaye ƙararrawar makaranta.

Na biyu, kada uba ko uwa su ce ba su yi boko ba, don haka ba ruwansu. Wanda bai iya karanta littafi ba yana iya zama yaro ya karanta masa, ya fassara masa da Hausa. Mahauci yana iya sa ɗansa lissafin cinikin yini, uwa tana iya sa 'yarta rubuta kuɗin cefane. Tilawar Alƙur'ani kuwa ba ta bukatar lantarki.

Na uku, a sa manyan yara su koya wa ƙannensu. Mai koyarwa shi ma bita yake yi.

Na huɗu, a adana littattafai da tufafin makaranta, a kuma riƙa gaya wa yaro, mace ko namiji, cewa zai koma. Kada a yanke shawarar cire yarinya daga makaranta cikin kwanakin ƙunci, domin ƙunci mai wucewa ne.

ABIN DA YA WAJABA A KAN MALAMAI DA SHUGABANNI

Wajibi ne kowace makaranta ta riƙe littafi mai sunayen iyaye da lambobin wayarsu da kwatancen gidajensu tun ana zaune lafiya. Ya kamata a tanadi aikin gida a kan takarda, wanda za a iya raba wa yara ranar da aka sallame su, gama takarda tana shiga inda waya ba ta shiga. Idan an dawo, kada malami ya ɗora daga inda manhaja ta ce, sai ya fara gwada yaran ya ga inda suka tsaya. Duk kujerar da aka ga ba kowa a kanta, a bi sawun mai ita har gida.

Ƙungiyar iyaye da malamai, da limamai, da fadar Sarkin Hausawa, da shugabannin kasuwa, suna da rawar takawa wajen isar da sanarwar hukuma da Hausa, da ƙaryata jita-jita, da tallafa wa malaman da albashinsu ya yanke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KAMMALAWA

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A 2014 cutar Ebola, wadda ita ma ta Ikko ta shigo, ta sa an jinkirta komawa makaranta bayan dogon hutu. A 2020 korona ta rufe su wata shida, sai ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora a kanta. Annoba ba ta yin sallama, don haka shiri tun da wuri shi ne hankali. Hukuma ce take rufe makaranta, ita kuma take buɗe ta, amma iyaye da malamai ne suke sa yaro ya komo cikinta.

Allah Ya kiyashe mu daga annoba, Ya albarkaci zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.