Aikin Iyaye Bai Ƙare A Ƙofar Makaranta Ba

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon hedimasta ya yi wa taron iyaye da malamai a Gwagwalada, a kan abin da ya wajaba ga iyaye game da karatun 'ya'yansu na firamare.



Ba wanda ya manta da abin da ya auku a shekarar 2025. Daga ranar 24 ga watan Maris har zuwa farkon watan Yuli, malaman makarantun firamare na gwamnati a dukan ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, watau Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji da Bwari da ta cikin birnin Abuja, suna yajin aiki saboda ba a biya su sabon mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da sauran haƙƙoƙinsu ba. Fiye da wata uku azuzuwa suna kulle. Duk malamin da ya taɓa karɓar aji bayan dogon zama irin wannan ya san abin da yakan tarar: wani yaro ya dawo da karatunsa, wani kuwa ya dawo har baƙaƙen da ya sani sun ɓace masa. Aji ɗaya, malami ɗaya, yajin aiki ɗaya. Bambancin daga gida ya fito.

Gwamnati ta daɗe da ɗaukar nata alkawari. A shekarar 1976, shekarar da aka kafa Birnin Tarayya, aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1999 aka sabunta shirin a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi masa doka, wadda ta ce tilas kowane yaro ya yi shekara shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, kyauta. Dokar ba ta ƙyale iyaye ba. Wanda ya ƙi kai ɗansa, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan Naira 5,000 ko wata biyu. Amma iyakar abin da doka za ta iya shi ne ta kai yaro bakin ƙofar makaranta. Ba ta iya ba shi karin kumallo, ba ta iya buɗe jakarsa da dare.

A mako akwai awa 168. Yaron firamare ba ya wuce kamar awa 30 daga ciki a gaban malaminsa. Sauran duka a hannun uwa da uba yake. Wanda ya ce tarbiyya da karatun ɗansa aikin malami ne shi kaɗai, ya ɗora wa mai awa 30 kayan mai awa 138.

To, akwai uzurin da akan ji kullum daga bakin mutanen kirki, a cikin gari da ƙauyuka irin su Dobi da Ibwa da Paiko: uba ya ce shi bai yi boko ba, me zai duba? Amsar ita ce, mafi yawan abin da ake bukata gare shi ba ya bukatar boko. Manomin da bai taɓa shiga aji ba yana zagaya gonarsa ta doya ya gane inda ɗan ƙwadago ya yi aiki da inda ya yi ha'inci. Haka littafin yaro yake. A sa shi ya buɗe littafin rubutunsa kowane dare. An ƙara shafi yau, ko kuwa yana nan inda yake tun makon jiya? Akwai jan biron malami a kai, ko babu? Idan mako ya wuce ba sabon rubutu, to ko yaron ba ya zuwa, ko malamin ba ya shiga aji, kuma ko wanne ne ya kamata uba ya sani.

Bayan haka, a sa yaro ya karanta da ƙarfi, ko da na minti goma ne, sa'an nan ya faɗi abin da ya karanta da harshen gida, Hausa ce ko Gwaranci ko Basanci ko Fulatanci. Uwar da ba ta jin Turanci tana iya gane ɗan da ke karatu da wanda ke haddar baki, domin mai hadda ba ya iya mayar da labarin. Wannan gwaji ba ƙarami ba ne. A shekarar 2019 Bankin Duniya da hukumar UNESCO suka ɗauke shi ma'aunin auna ilmin ƙasashe, watau ko yaro ɗan shekara goma yana iya karanta gajeren labari ya fahimce shi. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya wannan ba, lissafi da kimiyya duk za su gagare shi, gama da karatu ake shiga kowannensu. Idan an lura da haka, kada a jira takardar sakamako ta ƙarshen zango. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai maganar lafiya, domin yaron da ba shi da lafiya ba ya karatu. Kada yaro ya fita da yunwa, ko ɗumamen tuwon jiya ne ko koko a ba shi, kuma kuɗin tara ba ya maye gurbin abincin safe. Likitoci sun ce yaro mai shekara shida zuwa goma sha biyu yana bukatar barcin awa tara ko fiye, saboda haka talabijin da wayar hannu su san lokacin kwanciyarsu. Da damina a kwantar da shi cikin gidan sauro, in jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa kafin a sayi magani a kemis. Da bazara kuwa, kowa ya san zafin Gwagwalada a watan Maris da Afrilu, sai a haɗa shi da gorar ruwa. A lokacin ne kuma yara ke rugawa wanka kogin Usuma da ƙoramu, inda ake ɗaukar tsargiya. Fitsarin jini ba alamar girma ba ne, cuta ce da ke shan jinin yaro ta raunana shi, kuma tana da magani a asibiti. Haka nan yaron da ake kira daƙiƙi, wani lokaci allon ne ba ya gani sosai, ko kunnensa ne ke ciwo. A bincika kafin a ɗauki bulala. Waɗanda 'ya'yansu ke ƙetare babbar hanyar Lokoja kuwa, su haɗa ƙanana da babba mai hankali.

Talla da aikin gona su ne suka fi cin lokacin yara, musamman 'ya'ya mata. Ba wanda ya musa cewa zaman yau da wuya, kuma kowane kwabo yana da amfani a gida. Amma yarinyar da ake cirewa daga aji kowace ranar kasuwa, kwanakin da ta rasa a shekara sai su kai makonni, darasin da ya wuce ta kuwa ba za a maimaita saboda ita ba. In ya zama dole ta taimaka, a bari sai an tashi. Karatun allo da Islamiyya ma suna da lokacinsu na asuba da yamma, ba sai ɗaya ya ture ɗaya ba.

Daɗin daɗawa, ya kamata uba ya san sunan malamin ɗansa, ya leƙa makaranta ko sau ɗaya a zango ba sai an aiko masa da ƙara ba. Malamin da ya san akwai mai tambaya yakan ƙara kula. Kada kuma a zagi malami a gaban yaro, domin yaron da ya raina malaminsa ya rufe wa kansa ƙofa. In akwai ƙorafi, ga hedimasta, ga ƙungiyar iyaye da malamai, ga kwamitin kula da makaranta. Ta waɗannan hanyoyi ne kuma iyaye za su riƙa tuntuɓar kansilolinsu da shugaban ƙaramar hukuma a kan albashin malamai da rufin azuzuwa da kujeru, tun kafin magana ta kai ga kulle makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan Gwagwalada Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta fara karatu a 1990, ga kuma asibitin koyarwa a tsakiyar gari, inda 'ya'yan wasu daga kowane sashe na ƙasar nan suke zuwa su zama likitoci. Abin kunya ne 'ya'yan masu gari su tsaya sayar da ruwa a bakin ƙofarsa. Hanyar shiga ciki daga aji ɗaya take farawa, da littafin da uba ya buɗe da dare da kokon da uwa ta dama da safe.

Allah ya shirya zuriya, ya sa musu albarka, ya ba iyaye ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.