Jawabin ɗan takararmu: Gyaran gine-ginen tarihi, alhakin wa?

Iyayenmu sarakuna da malamai, iyaye mata da matasa, jama'ar Damagaram, Magariya, Matamai da Dungas, ina gaishe ku.

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Sama da shekara 170 ana salla a cikinsa. Mun yarda da ƙaddara, amma kowane magini ya san ginin ƙasa ba ya faɗuwa dare ɗaya. Sai bango ya tsage, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, azara ta ruɓe. Maganinsa kuwa sananne ne: a duba shi da rani, a yi masa yaɓe kafin damina.

Ƴan uwana, Damagaram ba ƙaramin gari ba ne. Sarki Tanimun ya kewaye ta da ganuwa, kuma ita ce babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Turawan Faransa suka mai da mulki Yamai. Tun 2006 sunan Birni da fadar sarki ke cikin jerin masu jiran shiga kayan tarihin duniya na UNESCO. Agadas ta shiga a 2013. Hasumiyar masallacinta, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta kamar namu, kuma tana tsaye don ana kula da ita.

To, alhakin wa ne? A da sarki ke karɓar haraji, shi ke kiran gayya, shi ke sa Sarkin Magina aiki. Yau haraji da kuɗin duwan da kuke biya a bakin iyaka baitulmalin gwamnati suke shiga. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Bai dace a bar wa fada da talakawan unguwa wannan nauyi ba, ko a zauna jiran taimakon ƙasashen waje.

In kun ba mu amanarku, za mu ware wa waɗannan gine-gine kasonsu a kasafin kuɗin ƙasa na kowace shekara, a bayyana shi kowa ya gani. Kowane rani za a zagaya a duba su tare da fada da magajin gari. Aikin kuwa maginanmu na gargajiya za a bai wa, su koya wa matasa, domin siminti a kan bangon ƙasa laima yake riƙewa, ginin ya ruɓe daga ciki.

Abin da ya rage na ganuwa da tsofaffin gidajen Birni yana fuskantar wata damina. Ranar zaɓe ku fito da katinku, ku jefa wa jam'iyyarmu ƙuri'a. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.