Idan Gani Ya Ɗauke Farat Ɗaya, Wurin Wa Za Mu Nufa?

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da hakimai, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya mai albarka, 'yan'uwa maza da mata da suka taso daga Kaduna da Kano da Abuja da Legas domin halartar taron bana.

Muna godiya da aka ba mu damar yin tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi kowane gida a Gusau da Tsafe da Bungudu. Mu malaman makaranta ne, ba likitoci ba, amma mun daɗe muna ganin yadda jinkirin kwana biyu ke mayar da magidanci mai noma abin ja-gora. Ku da ke zaune a birane, ku ake fara bugo wa waya idan wani abu ya sami tsoho a gida, ku ke turo kuɗin mota, kuma sau da yawa maganarku ce ke yanke inda za a kai shi. Saboda haka ya wajaba ku san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kimanin mutum 4 cikin kowane 100 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, hawan jinin ido kuma, wato gilakoma, kusan kashi 17. Abin takaici shi ne, kashi 84 cikin 100 makanta ce da za a iya hanawa ko a magance. Yana da gilakoma galibi sannu a hankali suke cin ido. Amma akwai ɗaukewar gani ta farat ɗaya, wadda ake lissafa lokacinta da sa'o'i, ita ce maƙasudin jawabinmu.

Da farko mu bambance ma'aikatan, domin a wurinmu duk wanda ya sa farar riga likita ne. Na ɗaya shi ne likitan ido, wanda ya yi shekara shida yana karatun likita, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a kan ido kaɗai. Shi ke yin tiyata, shi ke da maganin cutar da ke can cikin ido. Na biyu shi ne masanin awon ido, wanda shi ma ya yi shekara shida a jami'a. Yana auna gani, ya rubuta tabarau, ya auna hawan jinin ido, ya gano cuta ya tura mutum gaba, amma ba ya tiyata. Na uku ma'aikacin jinya ne da ya sami ƙarin horo a kan ido. Sau da yawa shi ake fara tararwa a asibiti, yakan wanke ido, ya ba da taimakon farko, ya rubuta takardar turawa. Na huɗu mai haɗa tabarau ne, aikinsa yanka gilashi bisa awon da aka rubuto masa. Mai kemis da mai tallar tabarau a kasuwa ba sa cikin wannan jeri.

To, idan waya ta zo, kafin ku tambayi nawa za a turo, ku yi waɗannan tambayoyi: yaushe abin ya fara? Ido ɗaya ne ko duka biyu? Da ciwo ko babu? Wani abu ya shiga idon ko ya buge shi? Baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe? Yana da ciwon suga ko hawan jini? In mace ce, tana da juna biyu? Amsoshin nan su za su nuna hanya.

Idan ruwan batir, ko siminti, ko farar ƙasa, ko maganin feshin gona ya fantsama a ido, ba mota ake fara nema ba, ruwa ake nema. A buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti 20 zuwa 30, sannan a tafi asibiti a ranar. Idan kuwa ƙusa ce ko tsinke ko tsakuwa ta huda idon, kada a wanke, kada a matsa, kada a zare abin da ya maƙale. A kife gindin kofin roba mai tsabta a kan idon a ɗaure, a hana shi cin abinci ko da za a yi tiyata, a nufi likitan ido.

Idan gani ya ɗauke tare da karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ko rabin abin da ke gabansa ya ɓace, to matsalar tana iya zama a ƙwaƙwalwa, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Wannan na sashen gaggawa ne na babban asibiti. Haka nan idan ido ɗaya ya yi duhu ƙirin nan take ba tare da ciwo ba, mai yiwuwa jijiyar da ke kai jini ga tantanin gani na bayan ido ce ta toshe, kuma abin da likita zai iya yi yana cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko. Ko da ganin ya dawo bayan 'yan mintoci, kada a ce an warke. Gargaɗi ne jiki ya yi, a je asibiti a ranar.

Mai juna biyu da ta fara gani dishi-dishi, da ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska, sashen haihuwa za a kai ta a gwada jininta, domin hakan na iya zama share fagen jijjiga, wadda ke barazana ga ranta da na abin da ke cikinta.

Idan ido ya yi ja, yana ciwo mai tsanani har da amai, mutum yana ganin zobe kamar bakan gizo kewaye da fitila, to hawan jinin ido ne mai saurin tashi, yana iya kashe jijiyar gani cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan kuma mutum yana ganin walƙiya, da baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawa suna yawo, sai wani abu kamar labule ya fara rufe gefen ganinsa, tantanin gani ne ke shirin ɓallewa. Duka biyun na likitan ido ne, a ranar ko washegari da sassafe. A lokacin kaka kuma, idan karan gero ko ganyen dawa ya karce baƙin ido, ya wayi gari da farin tabo da hawaye, gyambo ne ke farawa; a kai shi kafin ya zama hakiya.

Wanda za a kai wa masanin awon ido ba tare da gaggawa ba shi ne wanda ganinsa ke raguwa a hankali cikin watanni, ko dattijon da ya fara nesanta takarda kafin ya iya karantawa, ko ɗalibin da ba ya ganin allo daga bayan aji.

Game da inda za a nufa, Bungudu tana kusa da Gusau a kan hanyar Sakkwato, Tsafe kuma tana kan hanyar Funtuwa, kowace da babban asibitinta. Mutumin Nahuce ko Yankuzo zai iya farawa da wanda ya fi kusa, a gwada jininsa da sugansa, a ba shi takardar turawa, amma kada a kwana a nan ana jiran sauƙi. A Gusau akwai asibitin tarayya da muka sani da FMC, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In an isa, a faɗa tun daga bakin ƙofa cewa gani ne ya ɗauke yau, a nemi sashen ido, a kuma tambaya ko akwai likitan da ke tiyata. Idan aikin ya fi ƙarfin Gusau, kamar gyaran tantanin gani, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943, da asibitocin koyarwa na Sakkwato da Shika da Kano. Duk mun san halin da hanyoyinmu ke ciki da dare, don haka shawarar da ba a yanke da hantsi ba ta ci kwana ɗaya ke nan.

Muna roƙon ku ja kunnen iyayenmu game da abubuwa uku. Kada a ɗiga fitsari ko nono ko ruwan suga ko ruwan ganye a ido. Kada a sayi maganin ɗigawa a kemis ba da rubutun likita ba, domin wasu suna kwantar da ja alhali suna faɗaɗa gyambo, suna kuma ɗaga hawan jinin ido. Sannan a guji masu yawo gari-gari suna tura yana cikin ido da tsinke. Wancan bincike na ƙasa ya gano cewa kusan uku cikin huɗu na idanun da aka yi wa haka a makance suke.

A ƙarshe, muna ba wannan ƙungiya shawara uku. A ware wani abu daga asusunmu domin kuɗin motar gaggawa, ta yadda rashin kuɗin mai ba zai kwantar da maras lafiya a gida ba. 'Ya'yanmu da ke aikin asibiti a Gusau da Kaduna da Kano su ba sakatare lambobinsu, kowane mai unguwa ya riƙe. Kuma a duk Alhamis ta biyu ta watan Oktoba, ranar gani ta duniya, a gayyato ma'aikatan ido su duba duk wanda ya haura shekara 40, musamman masu suga da hawan jini da waɗanda aka taɓa samun gilakoma a danginsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya tsare mana ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa lami lafiya.